Abin da Ke Niƙa a Bakin Zelihe

Magariba ta kawo jiki, a ƙarshen kaka, lokacin da rana kan faɗi da wuri a garin Linxia na ƙasar Sin ta bar sanyi yana bin lunguna. Min Dehai ya ja ƙofar shagonsa ƙasa, ya rage wutar da ke ƙarƙashin tukunyar romo, ya shigo gida ta ƙofar baya yana goge hannu a rigarsa. Bango ɗaya ne ya raba shagon da gidan. A unguwarmu idan aka ce romon ƙashin tunkiya, to na Dehai ake nufi, fari sol kamar madara, mai kauri har yana kama leɓe. Tukunyar ta mahaifinsa ce, kuma shekara talatin da ɗoriya ba a taɓa ganin gindinta ba. Kullum sai dai a ƙara ruwa, a ƙara ƙashi.

Matarsa Salimai ba ta shiga shagon. Ita sana'arta ɗinkin fararen huluna a ɗaki. Ran nan ta ajiye allura, ta jera kwanuka uku na taliya, ta kira 'yarsu Zelihe, wadda ke kife a kan littafi tun dawowarta daga makaranta. Shekarar Zelihe goma sha bakwai, kuma babbar jarrabawar shiga jami'a na jiran ta idan bazara ta zo.

Yarinyar ta ɗebo taliya, ta buɗe baki. Wani sauti ya fito daga gindin kunnenta, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ta saki tsinkayen cin abincin, ta dafe muƙamuƙi da hannu biyu.

"Mama, bakina ya ƙi buɗuwa."

Kafin Salimai ta ce wani abu, sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwanon rumfar bayan gida. Ya gangaro a hankali, ya faɗi tsakar gida. Can kuma wani. Sannan wani.

"'Ya'yan banza," in ji Dehai. Ya tashi da fitilar hannu.

Babu kowa a lungun. Abin da ya tarar a ƙasa kuma ba dutse ba ne. Ƙashin gwiwar tunkiya ne, da ɗuminsa, an gaigaye shi tas, yana naso da wani yawu mai yauƙi da ya biyo yatsunsa ya yi zare da ya ɗaga shi. Ya yar da shi, ya tura shi ƙarƙashin itacen girki da ƙafa. Da ya dawo ya ce duwatsu ne. Amma Salimai ta ga yadda ya daɗe a bakin famfo yana cuɗa hannu da sabulu, kuma bai ƙara taɓa abincinsa ba.

A daren nan ne aka fara niƙan.

Salimai ce ta fara ji, kafin kiran sallar asuba. Ƙara ce mai nauyi, tana tafiya tana dawowa, kamar ana gurza dutse a kan dutse a cikin wani rami. Ta bi ta har ɗakin 'yarta. Zelihe na kwance rigingine, idonta a rufe, jikinta a sake, amma haɓarta na tafiya dama da hagu da wani ƙarfi da ba na yarinya ba. Jijiyoyin kumatunta sun tashi kamar igiya. A kan matashin akwai jiƙaƙƙen tabo mai ruwan jini, da wani farin tsaki a cikinsa. Salimai ta murza shi a yatsa kafin ta gane garin haƙori ne. Ɗakin kuma yana wani ƙarni, irin na maiƙon da ya kwana uku a magudana. Ta toshe hanci da gefen mayafinta, sannan kunya ta kama ta, don kuwa daga bakin 'yar cikinta warin ke fitowa.

Da safe suka je wurin Likita Lu, mai duba haƙori a bakin kasuwa. Ta leƙa bakin, ta danna gaɓar muƙamuƙin ta gaban kunne, Zelihe ta zabura.

"Kowace shekara sai an kawo mini irinta goma," in ji likitar. "'Yan jarrabawa ne. Da rana su cije damuwa, da dare su tauna ta. Uwa, ki saurara. Tawul mai ɗumi a nan, safe da yamma. Ki riƙa murza mata wannan tsokar da kan yatsu, a hankali, ba kamar kina kwaɓa fulawa ba. Abinci mai laushi kawai. Ke kuma, 'yammata, ki rabu da fasa 'ya'yan kankana da haƙori, ki rabu da shayi mai kauri bayan la'asar. In kina karatu, leɓe a haɗe, haƙora a rabe. Kin ji?"

Ta ɗauki awon haƙoran, bayan kwana biyu ta ba su wata roba mai haske da ta zauna daidai a kan na sama, ta ce a sa duk dare.

Salimai ta yi komai yadda aka ce. Kuma gaskiya ciwon ya ɗan lafa; da rana Zelihe na iya buɗe baki faɗin yatsu biyu, ta sha kunun gero. Dehai ma ya shiga jinya da nasa. Kowace safiya ya kawo mata kwano ɗaya na romo daga tsakiyar tukunya, inda ya fi kauri, ya tsaya a kanta sai ta shanye.

"Sha, 'yata. Wannan shi ke gina ƙashi, shi ke buɗe ƙwaƙwalwa."

Dare huɗu robar ta yi. A na biyar aka same ta a huje. Likita Lu ta yi wata mai kauri, irin wadda ta ce tana yi wa ƙarti masu ɗaukar kaya. Wannan kwana biyu ta yi. Zelihe ta farka tana kakari, ta amayar da gutsattsarinta a kan bargo, haɗe da wani abu fari mai maiƙo da ya daskare tun kafin a kawo tsumma. Likitar ta daɗe tana juya ragowar robar a cikin faranti da ɗan ƙarfenta.

"Shekara ashirin ina wannan aiki," ta ce a hankali. "Zan yi mata ta uku. Amma ku kai ta babban asibiti a Lanzhou. Ni ban san muƙamuƙin da ke yin haka ba."

A gida kuwa jifan bai tsaya ba. Da rana ta faɗi sai ƙasusuwa su fara sauka, haƙarƙari, gwiwa, wani lokaci rabin muƙamuƙin tunkiya da haƙoransa, duka a tsotse, duka a jiƙe. Dehai ya daina cewa duwatsu ne. Ya riƙa tashi da sassafe yana kwashewa a bokiti kafin maƙwabta su leƙo. Sai kuma bangon da ke tsakanin gida da shago ya fara sauti. In ka kara kunne za ka ji kamar wani na zuƙar ɓargo, yana tanɗe baki, yana haɗiya. Wani dare Salimai ta ji sautin ya tsaya cak, wata murya ta tsohuwa ta ce daga cikin tubalin, a sarari:

"Babu komai a ciki."

Ta ce wa mijinta a kira Ahong Tie, limamin tsohon masallaci.

"A kira shi gari ya ji?" in ji Dehai. "Wa zai ƙara cin abinci a gidan da aka ce akwai aljanu? Mako mai zuwa mu tafi Lanzhou."

"Baban Zelihe, haƙoran 'yarka ne ke ƙarewa."

"Na ce mako mai zuwa."

Ba a kai makon ba. Ranar Laraba, bayan la'asar, Salimai ta shiga da tawul mai ɗumi ta tarar ɗakin babu kowa. Ta duba bayi, ta duba ƙofar gida. A bayan rumfa ta same ta, inda ruwan wanke-wanken shago ke fita. Zelihe na durƙushe da kayan makarantarta, fuskarta a cikin magudanar, tana lasar baƙin maiƙon da ya kama bakin siminti, tana kakkaɓe ƙudaje da goshi. Ta ɗago ta dubi uwarta. Maiƙon na gangara a haɓarta, idanun kuma ba su san Salimai ba.

Salimai ba ta yi ihu ba. Ta ja ta ciki, ta wanke mata baki sau bakwai, ta kulle ɗakin. Sannan ta yafa mayafi ta nufi masallaci ba tare da ta leƙa shago ba.

Ahong Tie ya zo bayan sallar magariba. Ɗan ƙaramin tsoho ne mai siririn farin gemu, ya haura saba'in, ya yi karatu mai zurfi, kuma ba mai yawan magana ba ne. Dehai ya tarbe shi da fara'ar dole, ya kawo masa romo a kwanon baƙi. Ahong ya ɗaga kwanon zuwa bakinsa, ya tsaya, ya mayar da shi kan tebur, ya ɗan tura shi gefe da bayan hannu.

Ya tambayi abin da likita ta ce, ya saurara har ƙarshe.

"Ta faɗi daidai. Kada ku bar ko ɗaya. Uwar yarinya, ɗumamo tawul ɗin, ki zauna a bayanta ki tallafe muƙamuƙin. Duk abin da za ki ji, kada ki saki."

Aka zaunar da Zelihe a bakin gado. Ahong ya zauna a kujera gabanta, Dehai ya tsaya a bakin ƙofa. Tsohon ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Ya yi Fatiha, ya shiga Baƙara. Waje ya yi tsit. Ko ƙashi ɗaya bai faɗo ba ran nan. Ɗakin ya yi sanyi, ƙarnin nan ya taso ya cika shi har ana jin sa a harshe. Can Salimai ta ji tsokar da ke ƙarƙashin tafinta ta kumbura, haƙoran suka haɗu, niƙan ya fara, yarinyar kuwa idonta biyu.

Ahong bai ɗaga murya ba. Ya kai Ayatul Kursiyyu, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

Muryar ta fito ta tsakanin haƙoran da ke cije, busasshiya, ta tsohuwa.

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya."

"Ina gidanki?"

"Tsohon bangon da ke bayan rumfarsu, gindin bishiyar nan da ta bushe. Ni da jikokina. Muna nan tun kafin a aza harsashin masallacinka."

"Musulma ce ke?"

"Na riga ka."

"To me ya kai Musulma bakin 'yar mutane?"

"Abincina na biyo."

Haƙoran suka gurzu sau ɗaya, Salimai ta runtse ido.

"Uban wannan mutumin da ke bakin ƙofa," muryar ta ci gaba, "mutum ne. Kowace yamma zai kwashe ƙasusuwan da aka ci aka bari, ya kawo gindin bangonmu, ya ambaci sunan Allah ya zuba. Kai malami ne, ka san rabonmu ke nan. Da shi na yi renon 'ya'ya da jikoki. Yau shekara uku ko tsinke ba mu gani ba. Tambaye shi inda yake kai su."

Ahong bai juya ba. "Dehai, ina kake kai su?"

"Bola, Ahong. Motar shara ke…"

Wata dariya ta fito ta hancin yarinyar.

"Bola! Ina cikin bango ina kallon sa. In ya rufe shago sai ya bi tebur-tebur da bokiti. Wanda aka tsotsa aka ajiye a faranti, ya ɗauka. Wanda aka tofar a ƙasa aka taka, ya ɗauka. Na mai tari, na mai ruɓaɓɓen dasashi, na wanda ya kaki majina a kai, na wanda ya fyace hanci a takarda ya cusa a kwano. Ya watsa musu ruwa sau ɗaya, ya juye a tukunyar ubansa. Su kwana suna dahuwa. In sun yi laushi ya tsame, ya kai rumfa, ya zuba a injin da ya ɓoye a ƙarƙashin buhuna, ya niƙe su lilis, ya mayar da garin ciki. Farin da kuke yabo ke nan. Kaurin da ke kama muku leɓe ke nan. Yawun unguwarku ne kuke sha, ku dawo gobe ku ƙara."

Shekara uku Salimai tana jiƙa burodi a romon nan, tana aika wa 'yar'uwarta mai jego da shi a kwano mai murfi.

"Ƙarya take yi?" in ji Ahong.

Dehai ya ce, "Ahong, wuta ce fa. Yana tafasa dare da rana. Babu abin da wuta ba ta kashewa. Kuma ɓargon da ke saura a ciki, asara ce a…"

"Ka ba 'yata," in ji Salimai. "Kowace safiya. Ka tsaya a kanta."

"Nan na shiga," in ji muryar. "Na ga abincina yana tafiya cikin wannan bakin, na bi shi. Yana niƙa nawa, ina niƙa nasa."

Salimai ta kau da kai gefe ta yi amai a kan daɓen, amma hannayenta ba su bar muƙamuƙin ba.

Ahong ya jira ta gama. Sannan ya dubi idanun yarinyar.

"An zalunce ki, na ji. Amma wannan yarinya ba ta ɗauki bokiti ba, ba ta kunna inji ba. Kin ce kin riga ni Musulunci. A wace aya kika ga an kama ɗa da laifin uba?"

Haƙoran suka ɗan sassauta.

"Yunwar shekara uku," in ji ta. "A ba ni turame uku daga bakin nan, na fita."

"Ko ɓallin ɗaya ba za ki ƙara ba."

"Biyu."

"Ba ciniki na zo yi da naman mutum ba." Ya buɗe baki zai koma karatu.

Dehai ya faɗo a gwiwa daga bakin ƙofa, yana kuka kamar yaro. "Ki ɗauki nawa! Ki shigo nawa bakin, ki niƙe su duka, ki bar ta!"

Kan Zelihe ya juya a hankali cikin hannun uwarta. Idanun suka dube shi daga sama har ƙasa, hancin ya yamutse.

"Bakinka? Tir. Ina cin abin da kare ya bari, amma ban lalace haka ba."

Daga nan Ahong ya yanka sharuɗɗa, aljanar kuma tana ja yana ja. Injin zai bar gidan gobe. Ƙashin da aka ci za a kai gindin bango kowace yamma, da sunan Allah, ba a fasa ko ɗaya ba. Ta ce a bar mata tukunyar yadda take. Ahong ya ce a'a, za a juye ta ƙasa a ƙone cikinta da wuta, don ba aljanu kaɗai aka cuta da ita ba. Ita kuma za ta yi rantsuwa ba ita ba gidan nan, ba jifa, ba magana a bango, ita da jikokinta. Ta yi rantsuwar, tana gunaguni.

"To buɗe mini hanya. Ta baki na shiga, ta baki zan fita."

"Ki tsaga mata muƙamuƙi? Ta ƙafa za ki fita. Ƙaramin yatsan hagu."

"Hanyar ta yi nisa, tsoho."

"Sauka."

Ya ɗora karatu. Salimai ta ji taurin ya bar tafinta, ya gangara wuya. Kafaɗun yarinyar suka girgiza, cikinta ya murɗa, gwiwar hagu ta buga. Ƙafar ta miƙe, ƙaramin yatsan ya yi ta karkarwa shi kaɗai kamar wutsiyar ƙadangare, sannan ya tsaya. A waje wani abu ya ja jiki a kan rufin kwano, ya sauka ta bayan rumfa.

Bakin Zelihe ya saki, ya buɗe da kansa. Ta yi numfashi mai tsawo.

"Mama," ta ce da muryarta, "me ke wari haka?"

Washegari shagon bai buɗe ba. Dehai ya kira masu sayen tsohon ƙarfe suka tafi da injin. Sannan shi da Ahong suka kwashe romon bokiti-bokiti zuwa ramin da aka haƙa, Salimai na tsaye ta rufe hanci. Da aka kai gindin tukunyar sai ga wani toka-tokan laka mai kaurin tafin hannu, yana tsami. A cikinsa akwai tsinken sakace, da gashi, da murfin kwalba. Akwai kuma haƙori ɗaya na mutum, turmi, mai rufin azurfa. Salimai ta gane shi. Na Tsoho Sha ne mai gyaran keke, wanda ke karyawa a shagon kullum. Bara ya yi ta ba mutane dariya yana cewa ya haɗiye haƙorinsa da nama bai sani ba. Ta ɗauke shi da tsinke, ta wanke, ta naɗe a takarda.

Zelihe ba ta tashi a banza ba. Turamenta biyu sun tsage, Likita Lu ta yi musu rufi, haƙoran gaba kuma sun gajarce har abada. Gaɓar muƙamuƙin ta ɗauki wata huɗu ana gasa ta da tawul kafin ta daina ƙara. Roba ta uku ta zauna lafiya, har yau da ita take kwana. Ba ta tuna komai na daren ba, amma uwarta ba ta ɓoye mata ba. Tun daga ranar, abin da hannun ubanta ya taɓa ba ta ci. In ya miƙo mata ko lemo ne, sai ta ce ta ƙoshi, cikin ladabi, ba ta dube shi ba.

Bayan mako biyu aka buɗe shagon da sabon ƙashi da sabon ruwa. Salimai ta kwaso ɗinkinta ta dawo bakin tukunya ta zauna, idonta a kan hannun mijinta. Romon ya fito garau, ana hango gindin kwano.

Tsoho Sha ne ya fara shigowa. Ya kurɓa, ya tanɗe baki, ya ɓata fuska.

"Dehai, wannan kuma fa? Ruwan alwala ka dafa mana? Ina na da, mai kama leɓe? Me kuka cire a ciki?"

Dehai ya sunkuyar da kai yana goge teburin da ba shi da datti. Salimai ta soke allurarta a jikin hula, ta tashi, ta zo ta kwance 'yar takardar a gefen kwanon tsohon.

"Ga shi, Kawu Sha. Naka ne. Sauran na mutanen unguwa ne, mun binne."

Tsohon ya dubi haƙorin. Harshensa ya tafi can ƙuryar bakinsa, ya taɓa gurbin. Ya dubi tukunyar, ya dubi Dehai, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ajiye cokalin a hankali, ya tashi ya fita, kuma bai kai bakin titi ba ya dafa bango.